Ruwan da na hana yayana na zuba wa injin mota

An haife ni a shekarun samun 'yancin kai, na kuma tashi da sitiyari a hannu. Lokacin da abin nan ya faru ni direba ne mai ji da kansa, ina jigilar mutane da kaya tsakanin Bagudo da kasuwannin bakin iyakar Benin. Na ƙoshi da tsofaffin Fijo, har ina cika baki cewa da kunne kawai nake gane ciwon mota. Da motocin Kwatano suka fara shigowa, na sayar da tawa na sayi ɗaya. Yayana, wanda shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, manomi ne a Sharabi. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Direba, cikin zolaya.

Ba a daɗe ba motar ta tsiro da wani hali. Da safe takan tashi lafiya lau, amma da zarar inji ya yi zafi sai ta mutu ana cikin tafiya, ba ta ko gargaɗi. In ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Na canza fulogi, na canza famfon mai, na wanke tanki, na zagi masu sayar da fetur a galan, duk a banza. Daga ƙarshe wani mai gyaran wayar mota a Bagudo ya nuna mini wani ɗan abu baƙi a gindin inji, bai fi babban yatsa ba. Ya ce sunansa sensa, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota inda inji ya juyo, sannan ta saki wuta da mai. Ya ce nawa ya fara lalacewa, zafi ke sumar da shi, kuma sai an tsallaka iyaka ake samun wani. Ya ƙara da cewa in ta mutu mini a hanya kafin nan, in zuba masa ruwan sanyi, zai farfaɗo ya kai ni gida.

Dabarar kaiwa gida ya ba ni, ni kuma na mai da ita sana'a. Na ajiye galan ɗin ruwa a but. Mota ta mutu, in fito, in ɗaga bonet, in tsiyaya, in murza makulli, mu wuce. Fasinjoji har dariya suke yi, suna cewa Direba zai yi wa motarsa alwala. Ni ma ina jin daɗin abin, don a idonsu gwaninta ce. Kullum na je bakin iyaka sai in ce wani zuwan zan sayo, yau akwai sauri. Mai gyaran ya tare ni a tasha ya ce ranar da abin nan zai mutu gaba ɗaya, ko kogin Kwara na juye masa ba zai tashi ba. Na ce masa na ji.

Ranar da abin ya faru ina Sharabi da rana tsaka, lokacin girbin gero, aka shigo da yayana a kafaɗa. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa yana ɗaga dami. Motata kaɗai ce a garin. Muka kwantar da shi a baya, wani maƙwabci ya riƙe kansa, na kama hanyar asibitin Bagudo da gudun da ban taɓa yi ba. Mun yi nisa cikin daji, inda babu gida babu rijiya, sai inji ya ɗauke. Na fito da galan, ashe ruwan bai kai rabi ba, don ban cika shi da safe ba. Na tsiyaya, na murza, shiru. Ƙafar yayana ta kumbura, jini na fita ta dasashinsa, leɓɓansa sun bushe. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Direba, ƙishi nika ji. Ba ni ruwan nan in sha."

"Yi haƙuri Yaya, bari wagga mota ta tashi tukun. Asibiti akwai ruwa."

Bai sake roƙona ba. Na juye sauran ruwan duka a kan sensa, har ɗigon ƙarshe, ina murza makulli har batir ya mutu. Motar ba ta tashi ba. Can wani mai babur ya zo wucewa, muka ɗora yayana a tsakiya, maƙwabcin ya tallafe shi. Kafin su shiga Bagudo rai ya yi halinsa.

Na san kwana ya ƙare, kuma likita ya ce ko mun iso ba lalle ya tashi ba. Wannan bai taɓa sanyaya mini zuciya ba. Bayan sadakar bakwai aka jawo motar zuwa gareji, aka yi wa batir caji, aka kawo sensa daga tsallake. Ɗaura shi bai kai tsawon alwala da salla ba, motar ta tashi da murzawa ɗaya. Na zauna a ƙasa a garejin na yi kuka kamar yaro, ban kuma sake tuƙa ta ba.

Direbobi 'yan'uwana, abin da aka ce ku yi don ku isa gida, ku yi shi sau ɗaya, washegari ku je a gyara. Mota mai mutuwa in ta yi zafi ba ta warke ba don ta sake tashi, kuma ba ku san wa za a kwantar muku a kujerar baya ba. Matar yayana ta tambaye ni ko ya bar wata wasiyya a hanya. Na ce mata bai ce komai ba sai ruwa da ya nema. Ta tambaya ko ya samu ya sha. Har ta koma ga Allah ban iya ba ta amsa ba.