Wurin da ƙwari suka ƙi

Har na yi ritaya ban manta da yammacin da na kafa tanti a gindin tsamiyar nan ba. A lokacin ina ƙaramin malamin gona, an tura ni wata unguwar Maguzawa da ke can bayan Ƙarfi in zaɓi inda za a haƙa musu rijiyar burtsatse. Tsarin aikin mai sauƙi ne. Ka zagaya fadamar, ka duba ƙasa, ka kafa turke mai jan fenti, ka rubuta rahoto. Ruwa na ɗaukewa masu haƙa za su zo su haƙa daidai inda turkenka yake, ba sa tambayar kowa. Ruwan rijiyar kuma na noman rani ne a takarda, amma kowa ya san shi yara za su sha.

Watan Agusta ne, hanyar ta zama laka, babur ba ya shiga. Na ɗaure tanti da gidan sauro a bayan keke na kama hanya daga Malumfashi. Mai unguwar, wani dattijo da ake kira Baba Nomau, ya ce in sauka a gidansa. Na ce a'a, ina da tanti. Yarinta ce kawai da son a ga kayan gwamnati.

Rana na yin sanyi suka fito. Wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya kamawa sai sun yi gungu, ba su da kuka irin na sauro, sai dai ka ji wuyanka ya ɗau wuta. Gidan sauron da nake taƙama da shi, ta ramukansa suke wucewa kamar an buɗe musu ƙofa. Na shafa mai, na sa safa, na naɗe kai da rawani, duk a banza. Da safe idona ɗaya ya kumbura, matan da ke zuwa gona suna gaishe ni suna kau da kai don kada in ga dariyarsu.

Ranar ina zagaye na ci karo da wani fili a gefen fadamar, ƙarƙashin wata tsamiya. Wuri ne shimfiɗaɗɗe, ciyawarsa gajera, kusa da gidaje. Na tsaya har la'asar ta yi, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ni ba. Na ji daɗi ƙwarai. Nan take na buga turkena a tsakiya, na ɗauko tantina na dawo da shi wurin.

Sai da rana ta kusa faɗuwa na lura da shirun. Can cikin fadama kwaɗi na ta kuka, amma a inda nake babu gyare, babu tsuntsu a kan tsamiyar, ko tururuwa ban gani a ƙasa ba. Ƙwarin kuwa ina hangen su a hasken yamma, sun yi duhu kamar hayaƙi a bakin filin, sun kewaye shi, ba sa shigowa.

Sai ga Baba Nomau riƙe da kasko, busasshen kashin shanu da ganyen darbejiya na ci a ciki. Da hayaƙin nan suke korar ƙwarin, kowane gida da nasa. Ya zo daidai inda ƙwarin suka tsaya, shi ma ya tsaya.

"Malamin gona, taho nan."

Na ce, "Baba, ƙaraso mana. Nan ba cizo."

"Na san babu. Shi ya sa na ce ka taho."

Bai ɗaga murya ba, amma na bar keke da tanti na fita. Ya miƙa mini kaskon, ya nuna turken da haɓa.

"Nan za mu sha?"

Na ce nan ne ya fi dacewa.

Ya ce, "Tun ina saurayi ba a kiwo a nan. Akuyar da ta ci ciyawar ba ta kwana biyu. Mu dai mun ce masu wurin ne ba sa son baƙo. Kai da ka yi boko ka ba shi sunan da kake so. Amma abin da ke shan jinin jaki da na kare ya ƙi shiga, kai ka shiga har da shimfiɗa."

A gidansa na kwana. Da gari ya waye na ari fartanya, ba wanda ya yarda ya taya ni. Na tono gefen turken, ban kai zurfin gwiwa ba ƙarfe ya yi ƙara. Gwangwanaye ne, sun yi tsatsa sun ruɓe, jere a kan juna, irin na maganin feshin auduga na da. Warin da ya taso ya sa na yi amai. Wanda ya binne su, da yaushe, ba wanda ya sani.

Na cire turken na koma ofis. Shugaban shiyyarmu ya karanta rahoton, ya dube ni ya ce, "To kai me ya sa ka zaɓi wurin tun farko?" Na ce saboda ba a cije ni ba. Bai yi dariya ba. Aka killace filin, aka haƙa rijiyar can gabas, nesa, inda na sha cizo a kwanan farko.

Har yau in na tuna cewa sa hannu a rahoto kawai ya rage a haƙa rijiyar a filin nan, gabana faɗuwa yake yi. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, in manomi ya ce ba a shiga wuri, ko da iskoki ya kafa hujja, ku ajiye takarda ku tambaye shi me ya gani. Ni dai tun daga ranar ban sake buga turke ba sai na zauna a wurin da yamma, na naɗe hannun riga, na jira an cije ni.