Goggo, Wadda Ta Kunna Mana Bango

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, babbar 'yarki ta kira ni a waya ina bakin titi ina jiran mota. Ba ta ja magana ba, ta ce, “Goggonku ta cika.” Motoci uku suka tsaya suka wuce ban shiga ko ɗaya ba. Bayan sallar la'asar aka kai ki makwancinki.

Goggo, ba jini ne ya haɗa mu ba. Mu shida ne, 'yan rawa marasa wurin gwaji, ranar da kika gan mu mai gadi yana korar mu daga filin ajiye motoci. Kin yi shekara talatin kina tace hotuna a gidan talabijin kafin ki yi ritaya, mijinki kafinta kuma ya rasu ya bar miki shagonsa a rufe. Kika tsaya da jakar cefane a hannu kika ce, “Ku kun iya rawa, ni na iya hoto. Me zai hana mu haɗa?” Muka ɗauka wasan tsofaffi ne. Washegari kika miƙo mana mabuɗi.

Da katakon da marigayi ya bari muka shimfiɗa daɓen rawa, har yau ɗakin ƙamshin itace yake yi. Kika sa aka rufe tagogi da baƙin yadi, aka shafe bango ɗaya da farin fenti, aka rataye majigi a jikin azara. A kan teburinki akwai kwamfuta biyu, kyamara, da wayoyi da kika liƙa wa kowanne suna. Sai wasu 'yan na'urori kamar akwatin ashana, masu jin motsin jiki, da kike ɗaura mana a wuyan hannu da idon sawu. In mutum ya juya, haske ya juya tare da shi a bango. In ya buga ƙafa, hoton ruwa ya tsage a ƙarƙashinsa. Ranar farko Dogo, mafi tsawo a cikinmu, ya ga inuwarsa ta tarwatse ta zama tsuntsaye, sai da ya nemi ƙofa. Kika yi dariya har da hawaye.

Ba ɗaki kaɗai kika ba mu ba. Ke kike rubuta mana wasiƙu zuwa ƙungiyoyin da ke tallafa wa masu fasaha, ke kike zama a bencin ofisoshi har a gaji a saurare ki. Da wasu suka ce bai dace dattijuwa ta zauna cikin 'yan rawa ba, amsarki ɗaya ce: gara su yi a gabana. In lokacin salla ya yi kuwa, ko a tsakiyar juyi muke, kashe majigi kike yi.

Ba zan manta ranar da mahaifin Dogo ya zo ba. Tela ne, ya shigo a fusace zai tafi da ɗansa, yana cewa wannan zaman kashe wando ne. Kika ba shi kujera, kika ɗaura masa na'ura a hannu kika ce, “Malam, nuna mini yadda kake jan zare.” Ya ja hannu a iska, wani dogon zaren haske ya bi shi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya sake ja. Ya fi rabin sa'a yana ɗinka bango. Tun daga ranar shi ke ɗinka mana kayan rawa, har da 'yan aljihun batir.

Akwai abin da dole in rubuta, don idan na tsallake shi wannan ta'aziyya ta zama ƙarya. Bara, wata ƙungiya ta turo wakilai su ga wasanmu da rana a wani babban zaure, don su yanke ko za su ɗauki nauyin zagayawa da mu. Shekara guda muka yi muna shiri. A tsakiyar rawata na yi tsalle, hasken da ya kamata ya tare ni bai zo ba sai da na sauka. Aka sake, ya sake makara. Wakilan suka yi mana godiya ta ladabi suka tafi. Ni kuwa, da kika laƙaba wa suna Uwar Sauri, a gaban kowa na ce miki, “Goggo, in hannunki ya gaji ki ba wani wuri. Kin kashe mana shekara.” Kina naɗe waya a lokacin. Ba ki ɗago ba, kika ce, “Na ji.”

Wata biyar ban taka ɗakin ba. Sai na haɗu da 'yarki a asibitin da take aikin jinya. Ta dube ni ta ce, “Ashe ba ta faɗa muku ba?” Ciwon sukari ya cinye idonki na hagu tun kafin wannan wasa, na dama kuma inuwa kawai yake gani. Haddace maɓallan kika yi, kina ƙirga bugun ganga kina dannawa. A ɗakinmu kin san sautin kowane lungu. A wancan zaure amsa-kuwwa ce ta ruɗe ki. Kin ɓoye ne don kina tsoron idan muka sani za mu tausaya miki mu watse.

Na same ki a teburinki, hannunki a kan na Dogo kina koya masa. Kafin in yi sallama kika ce, “Uwar Sauri ce. Har yanzu kina danne ƙafar hagu.” Na durƙusa a gabanki. Kika lalubo kaina kika ce, “Tashi, gwiwar nan ta aiki ce. Gaskiya kika faɗa, faɗar ce ba ta yi kyau ba. Ni ma na yi laifi da na ɓoye.” Kin yafe mini a ranar, na sani. Amma wata biyar ɗin nan da na hana kaina zama kusa da ke, babu mai mayar mini da su.

Sauran kwanakinki kin ƙarar da su kina juye mana abin da ke kanki. Kina faɗa ina rubutawa a littafi: wace waya ke shiga ina, me za a yi idan kyamara ta daina ganin mai rawa. Kika sa na rubuta wa ƙungiyar nan wasiƙa cewa kuskuren naki ne, su sake duba yaranki. Har yau ba su amsa ba. Littafin ma ba mu kai rabinsa ba jiki ya kwantar da ke.

Ranar Asabar da ta wuce muka buɗe ɗakin. Dogo ya kunna na'urori, wasu suka amsa, wasu suka ƙi, kuma babu wanda za a tambaya. Makaɗinmu ya buga ganga sau biyu ya ajiye. Muka zauna a kan katako har azahar, babu wanda ya tashi ya taka. 'Ya'yanki sun ce mu riƙe mabuɗin, Allah Ya saka musu da alheri. Ko za mu iya riƙe aikin, wallahi ban sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu, da jikokinki, da ƙanwarki da ta yi jinyarki har ƙarshe. Mun ci lokacin da ya kamata ya zama naku, ba ku taɓa nuna mana a fuska ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya haɗa kanku.

Ya Allah, baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka mayar mata da ganinta a gidan Aljanna. Mu da muka saura, Ka sa mu cika da imani, Ka kuma tsare harsunanmu daga mutanen da ke ɗauke da ciwon da ba mu sani ba. Amin.