Gwankin Malam Habibu

Ina tsaye a layi a ƙofar wani kanti a unguwar Titiwangsa ta Kuala Lumpur, ina jira a gwada zafin goshina kafin a bar ni in shiga in sayi burodi, sai wayata ta yi ƙara. Rabi ce, matar abokina Malam Habibu. Tun da aka kwantar da shi a asibiti ni ne ke kiranta, ita ba ta taɓa kira ba, don haka kafin in ɗauka na riga na fice daga layin. Ta ce, "Yaya Kabiru, asibiti sun bugo. Malam ya cika." Na yi innalillahi ta cikin takunkumi. Wani dattijo ɗan ƙasar da ke bayana ya ji, ya amsa da tasa a hankali, sannan ya matsa ya cike gurbina.

Shekara ta biyu ke nan da korona, lokacin da asibitocin Kuala Lumpur suka cika har baranda. Ba a ba mu shi mun wanke ba. Ma'aikata cikin fararen kayan kariya suka yi masa taimama ta saman ledar da aka nannaɗe shi, suka sallace shi, mu kaɗan da aka yarje wa muka tsaya daga nesa muna kallo. Mutumin da ya taso a gidan da ba a yanka ko kaza ba tare da maƙwabta sun ci ba, haka aka sa shi a ƙasa, babu wanda ya san shi da ya taɓa makararsa.

Habibu ɗan Sarkin Baka ne na wani gari a kudancin Kano, can inda ƙasa ke fara duwatsu. Shi kaɗai ne a gidansu ya bi boko har ƙarshe, ya zama malamin safiyo, gwamnati ta turo shi nan ya yi digirin dakta. A jami'a ɗaya muke a Jalan Semarak. Ni adabi na karanta, shi ya sa aka ga ya dace a turo ni in karanci gudanar da ma'aikatu. Shi kuwa aikinsa shi ne ya jera hotunan dajin garinsu da tauraron ɗan'adam ya ɗauka shekara bayan shekara, ya auna yadda kore ke ja da baya. Na taɓa ce masa ya yi sa'a, shi kaɗai na sani da ake ba shi kuɗin karatu don ya zauna ya kalli gadonsa yana ƙarewa. Bai yi fushi ba. Ya ce in ba a auna ba, gobe wani zai ce dama can babu daji.

Ba shi da hayaniya. In muka zauna a mamak, wato shagunan shayi da abinci da ba sa rufewa, shi ne ke zama da bayansa a jikin bango, yana fuskantar ƙofa, kamar mai jiran wani abu ya fito shan ruwa. Ba ya barin lomar ƙarshe a faranti. Sabon ɗalibi in ya sauka daga gida, Habibu ne ke zuwa ya nuna masa jirgin da zai hau da kantin da ake samun attarugu, ya kuma gaya masa gaskiya game da malamin da zai duba aikinsa. Tafiyarsa ba ta da sauti. Sau da yawa sai dai in juya a ɗakin karatu in gan shi a kaina, ya daɗe da zuwa.

Sau ɗaya na taɓa ganin ya ɗaga murya, kuma a kan kuskure ne. A watanninsa na farko muka kai yara wani lambu a tsakiyar gari inda ake ajiye rusa, barewar ƙasar nan mai ƙaho kamar reshen bishiya. Ya hango wani babban namiji da ƙaho ɗaya, gurbin ɗayan da ɗan jini. Nan take ransa ya ɓaci. Ya ce wani azzalumi ne ya karya wa dabbar nan ƙaho, ya nufi ofis zai kai ƙara, yana ta harhaɗa Turancin da zai yi. Ni da ban taɓa kashe ko zomo ba, amma na karanta littattafan Turawa masu yawa inda attajirai ba su da aiki sai bin irin wannan dabba, na riƙo hannunsa na ce masa ƙahon da kansa yake faɗuwa, wani ya fito. Ya dube ni da tausayi. A dajinsu, gwanki da kanki da barewa da ƙaho ɗaya suke rayuwa har su mutu, ba a taɓa jin ƙaho ya zube kamar ganyen kuka ba. Ya ce boko ya yi mini yawa.

Sai da ya yi ta komawa lambun shi kaɗai, har ya ga sabon ƙaho ya tsiro da laushinsa, sannan ya zo ya ba ni haƙuri. Amma abin da ya ɗauko daga can ya fi abin da na gaya masa. Ya lura cewa mai ƙahon da ya fi kowane girma a garken ba shi ne tsohon ba. Tsohon yana gefe, wuyansa ya yi kauri, cikinsa ya sauka, ƙahonsa kuwa ya koma ƙarami. Daga ranar ya daina yarda da ƙaho, har na dabbobin gida. Ya ce mahaifinsa ma ba ƙaho yake fara duba ba, gadon baya yake duba da gwiwa, don gwanki a durƙushe yake faɗa, tsoho gwiwarsa ta gama cinye gashinta. Yaran yanzu ne suka mai da tsawon ƙaho shaidar tsufa, domin shi ne ke fitowa a hoto.

Da aka yi kulle, aka hana fita sai sayen abinci, Habibu ya gano bidiyoyin mafarautan Amurka. Mutane ne da ke kashe barewa su durƙusa a kanta da tef ɗin awo, su auna tsawo da kauri da kowane reshe, su haɗa su ba ta maki kamar jarrabawa. Wasunsu kuma suna cewa a bar maki, a nemi wadda ta manyanta. A kan wannan muka yi ta musu a waya, shi yana gidansa ni ina nawa, jirgi tasha biyu tsakaninmu amma kamar ƙasa da ƙasa. Na ɗauki ɓangaren ƙaho, rabi don in ja shi, rabi kuma don na san mutane. Na ce masa lamba ba ta gardama, kuma ban taɓa shiga falon da aka rataye shekarun dabba a bango ba. Shi kuwa yakan ce, "Ƙaho abincin bana ne, Farfesa. Shekaru a haƙori suke." Wata rana da na matsa masa ya ce, "Mai duban ƙaho bango yake yi wa farauta. Mu ciki muke yi wa, da kuma na baɗi."

A gare shi wannan ba hira ba ce. Kafin annobar, ƙanensa Ilu, wanda ya gaji bindigar gidan, ya turo masa wani ɗan bidiyo da ya ɗauka daga bayan dutse. Gwanki ne namiji da mata kaɗan a bayansa, da ƙahon da dattawan garin suka ce rabonsu da ganin irinsa tun suna samari. Mafarauta suka sa masa suna Dogo. Shekaru ke nan babu wanda ya ga wani namijin a dajin. Kowa ya ce tsoho ne, ya ci zamaninsa, a ɗauke shi kafin wasu su riga. Habibu ya kalli bidiyon nan har ya haddace shi. Ya ce bayansa a miƙe yake, cikinsa a ɗame, gwiwarsa da gashi. Matashi ne da ya samu kiwo mai kyau, kuma in aka kashe shi an kashe gwankin dajin gaba ɗaya, don matan ba su da wani. Ya roƙi mahaifinsa, wanda ido ya riga ya tafi amma magana ba ta tafi ba, ya sa doka: kada kowa ya taɓa Dogo sai Habibu ya dawo ya gan shi da idonsa.

Duk Juma'a sai ya kira gida ya tambayi lafiyar tsohonsa, ya tambayi lafiyar Dogo. Rabi takan ce ita ce ta uku a layi. Ilu yana ƙorafi cewa in su sun bari, masu gawayi da baƙin da suka cika dajin da manyan bindigogi ba za su bari ba. Ni ma nakan ce masa Ilu ya fi shi gaskiya. Yakan ce ya sani, amma abin da yake nema kaɗan ne: damina biyu ko uku, Dogo ya haifi irinsa. In ya koma zai zauna da mafarautan garuruwan da ke kewaye, ya nuna musu hotunan dajin, su yi yarjejeniya irin ta da. Ya riga ya gama rubuta kundin digirinsa, saura ya kare shi a gaban malamai. Sai aka rufe iyaka.

Zazzaɓi ya fara masa kamar wasa. Saƙon murya na ƙarshe da ya turo mini daga asibiti, iskar oksijin tana ta huci a bayansa, gajere ne. Ya ba ni amanar Rabi da yara. Ya tsaya ya huta, sannan ya ce, "Ka ce wa Ilu maganar Dogo tana nan." Na faɗa wa Ilu a ranar, ya ce in sha Allahu.

Akwai wata al'ada a garinsu da Habibu bai taɓa gaya mini ba, mai yiwuwa don bai zaci za ta shafe shi da wuri haka ba. In ɗan gidan farauta ya rasu, abokan sana'a ba sa zuwa sadakar arba'in hannu rabbana. Sai sun shiga daji sun kawo nama an raba, a kuma kafa ƙahon a ƙofar gidan, kuma da girman ƙahon ake gane girman mamacin a wurinsu. Ranar arba'in ɗin, muna zaune mu 'yan kaɗan a waya muna karatu saboda ba a taro, hoto ya shigo mini daga Ilu. Ƙaho biyu ne masu lanƙwasa a jingine da katangar ƙasa, ga tef ɗin tela an shimfiɗa a jikin ɗaya. Kafin in gama kallo ya kira. Muryarsa ta kuka ce, amma da alfahari a ciki. Ya ce, "Yaya Kabiru, mun yi wa Yaya abin da ya cancanta. Tun da aka kafa garin nan ba a taɓa ajiye wa wani ƙaho irin wannan ba."

Na ce, "Ilu, ai ya ce a bar Dogo."

Ya ce, "Cewa ya yi a bar shi sai ya dawo. Zai dawo ne?"

Abin da kawai na roƙa shi ne ya buɗe bakin kan ya ɗauko mini hoton haƙoran. Ya turo. Farare ne, da kaifinsu, ko ni ba sai an yi mini bayani ba. Daga baya Ilu da kansa ya gaya mini cewa tsohonsu ya sa an kawo masa kan. Hannunsa ya wuce ta kan ƙahon bai tsaya ba, ya zura yatsa a bakin ya shafa, ya goge a rigarsa, ya ce, "Habibu ya faɗa muku." Bai ci naman ba.

Ba na ganin laifin Ilu. Ya ba ɗan'uwansa abu mafi girma da ya sani, ya kuma yi tafiyar kwanaki a dajin da yanzu mutum ke shiga da tsoron mutane fiye da na dabbobi. Musun da muka yi da Habibu ni na ci, tunda ga ƙahon can a ƙofar gida ana zuwa kallo daga ƙauyuka, ana aunawa, ana ɗaukar hoto. Ban taɓa cin musun da ya bar ni da ɗaci irin wannan ba. Ilu ya ce matan suna nan, ya ga sawunsu a bakin rafi, wataƙila akwai mai ciki. Ina jinsa ne kawai. Na ga hotunan da Habibu ya jera, na san inda kore yake a da da inda ya tsaya yanzu, kuma mutum ɗaya da zai iya zama da mafarauta su saurare shi, don shi ɗansu ne, yana kwance a nan, a maƙabartar da babu wanda zai zo masa ziyara in mu ma mun koma.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, Ya gafarta masa, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Allah Ya ba Rabi haƙuri, Ya buɗe mata hanya ta koma gida da yaranta lafiya, Ya raya su a kan abin da ubansu ya so. Allah Ya sanyaya zuciyar tsoho da aka binne masa ɗa ba tare da ya taɓa gawarsa ba, Ya karɓi niyyar Ilu, Ya yafe masa abin da bai sani ba. Abin da ya rage a dajin nan kuma, Ubangijin da Ya halicce shi Ya tsare shi, don mu mun kasa. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.