Geron Gaisuwa

Mu uku ne a ɗaki ɗaya tun shekararmu ta farko a jami'a, kuma mota ce ta haɗa mu. Duk ƙarshen zango tasha ɗaya muke zuwa, sai an iso Funtuwa kowa ta kama gabanta: ni Daudawa, ɗaya Ƙanƙara, ɗaya Damari can ƙasar Sabuwa. Da sunayen garuruwan nan muke kiran juna. 'Yar Ƙanƙara ce mai baki, ni ce mai saurin fushi, 'yar Damari kuwa ita ce mai tukunya. In ba ta ɗora ba, gari da ƙuli ne abincinmu ranar.

Mahaifiyarta, wadda dukkanmu muke kira Iya, ita ta riƙe cikinmu shekara huɗu. Duk dawowa hutu sai ta haɗo buhu, garin masara a ƙasa, a sama kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kowanne ƙulli uku. Sau ɗaya tak ta taɓa ganina, amma ta ji labarin ba na son yaji mai zafi, don haka nawa daban take dakawa, ta ɗaure shi da jan ƙyalle don kada a rikita.

Shekara uku da gama karatunmu, cikin damina, Iya ta rasu. Lokacin hanyoyinmu sun lalace, kullum sai ka ji an tare mota an shiga da mutane daji. Mahaifiyata, Inna, ta auno tiya guda ta gero ta ce in shirya in kai gaisuwa. A wurinmu, wanda ka ci abincin hannunsa ba a yi masa ta'aziyya ta waya. Ƙafa ake kaiwa, a zauna a ƙasa, a miƙa ɗan hatsin da za a yi gumbar sadaka. Na ce wa Inna hanyar Damari ba ta biyuwa. Na rubuta saƙo mai tsawo na tura, na kira sau ɗaya ba a ɗauka ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi na ji da ba a ɗauka ɗin ba. Na ce sai hanya ta lafa. Wata ya wuce, arba'in ta wuce, kunya ta zo ta zauna inda tsoro yake. Shekara biyu 'yar Damari ba ta amsa mini komai sai "lafiya lau, na gode".

Da na samu gurbin ƙarin karatu na shekara ɗaya a Ingila, Inna ce ta taya ni shirya jaka. Ina juyawa na ga tana cusa leda mai nauyi a ƙarƙashin atamfofina. Surfaffen gero ne, ta wanke ta shanya.

Na ce, "Inna, awo hwa ake yi ma jakar nan."

Ta ce, "Ki hidda takalman. An ce ɗiyar nan ta Damari tana can tana karatu. Can ma akwai masu tare hanya?"

Na fitar da takalman ina cika ina batsewa.

Wata biyar geron yana ƙasan gadona. 'Yar Ƙanƙara ce ta haɗa mu, don ita ta riga mu zama a ƙasar, aure ya kai ta. Ta kira ni ta ce maigidanta zai yi tafiya, ranar Juma'a tana son ganinmu mu biyu a gidanta, wadda ba ta zo ba kuma ta nemi wata ƙawar. Awa huɗu na yi a jirgin ƙasa da ledar a kan cinyata, ina kallon gonakin ƙasar kore shar babu ko mutum ɗaya a duƙe, ina tuna namu da ba ka raba su da mutane.

'Yar Ƙanƙara ta tare ni a ƙofa ta ce na rame kamar wadda aka yi wa kora. 'Yar Damari ta taso daga kujera, ta yi murmushi, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lahiya?"

Hajiya. Ni da ta taɓa tsefe wa kai tana zagina don na ƙi tsayawa.

Asabar ɗin ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba. Muka tuƙa tuwo da garin da aka samo a shagon 'yan Afirka, 'yar Damari ta kaɗa miyar kuka, gidan ya ɗauki ƙamshin daddawa har 'yar Ƙanƙara ta buɗe taga don kada maƙwabta su kawo ƙara. Muka tuna rishon da muke ɓoyewa a bokiti in masu duba ɗakuna sun zo. Muka tuna ranar da na yi rigima da mai mota a Funtuwa kan ya ɗora akuya a kan buhun Iya, har na sauka na ce ba ni tafiya, su biyun suka bar ni a tsaye sai da motar ta fara gangarawa na bi ta da gudu. Muka yi dariya har da hawaye. Na yi kewar yarinyar nan da nake a lokacin, da wautarta duka.

Amma da aka zo cin abinci, 'yar Damari ta juye tuwo a tire ɗaya nasu su biyu, ni kuma ta zubo mini a faranti, ta ɗora cokali a gefe. Shekara huɗu hannuna da nata suna karo a tire guda. Raina ya ɓaci sosai. Na ci da cokalin, na ce a zuciyata ai ba ni na kashe hanya ba, gobe in koma da gerona in dama kunu in sha.

Lahadi da safe na gama haɗa jaka, jirgina ƙarfe uku. Na ɗaga ledar zan mayar, sai na hango kaina a Daudawa bayan wata bakwai, Inna tana tambaya ta. Ban taɓa iya yi mata ƙarya ta zauna ba. Na kuma gane in na fita gidan nan a haka, Hajiya zan zama har abada.

Na yafa babban mayafi, na ɗauki ledar, na wuce su a falo na fita waje na ja ƙofa. Sanyi ya doke ni. Na ƙwanƙwasa.

'Yar Ƙanƙara ta buɗe tana cewa, "Ke kuma mi ya same ki?" Da ta ga mayafin da ledar sai ta matsa gefe.

Na yi sallama, na cire takalmi, na je gaban 'yar Damari na zauna a ƙasa. Na ce, "Ashe Iya lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

Ta dube ni, ta dubi ledar. Sannan ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa ita ma, ta ja ɗankwalinta ta rufe goshi. Ta ce, "Haƙuri da godiya."

Na yi wa Iya addu'a yadda ake yi, 'yar Ƙanƙara tana amsawa da amin. Na tura ledar gabanta na ce in ji Inna, a yi sadaka. Sai na fara kawo zancen hanya.

Ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ba Damari muka yi zaman makoki ba. A asibiti Iya ta cika, a Funtuwa, gidan kawuna muka zauna kwana bakwai. Duk sallamar da na ji sai in ce ke ce. Da kin tambaya, da an hwaɗa miki."

Daga Daudawa zuwa Funtuwa ba nisa, ni da nake zuwa sayen zare kawai in dawo kafin la'asar. Karon farko a rayuwata ban nemi hujja ba. Na ce ta yafe mini. Ta buɗe ledar ta tsoma hannu cikin geron, ta damƙo ta shinshina, a nan ne kuka ya zo mata, mu ma ya zo mana.

Ba turmi a gidan, da bilenda muka niƙa geron bayan ya jiƙa. Gumbar ta fito da ɗan ruwa-ruwa, 'yar Damari ta ce laifina ne, tun a makaranta hannuna ba ya auna ruwa. Muka cura, muka ware wadda 'yar Ƙanƙara za ta kai masallacin unguwa da azahar. Sauran ta zuba a tire ɗaya, ta ture ni da gwiwa ta ce, "Matsa, 'yar Daudawa, kin cika wuri."

Kafin in fita na kira gida. Na ce, "Inna, na kai."

Sai ta ce, "Ba ni ɗiyar."

Na miƙa wayar. Ina jin muryar Inna ƙasa-ƙasa daga tsakar gidanmu, da kukan tumaki a bayanta, tana cewa, "Ɗiyata, ya haƙuri? Ki yi mana aikin gahwara, ƙahwarmu ta yi nauyi."

'Yar Damari ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Ta iso, Inna."