Ni Na Cinye Rabon Auta

A masallacinmu na nan Hyattsville kowa Alhaji yake ce mini, alhali ban taɓa taka Makka ba. Tumbina ne ya samo mini sunan. Ni direba ne, shekara ashirin da 'yan kai ina zaune a bayan sitiyari, daga filin jirgi zuwa cikin Washington, daga can in juyo, kuma kowace shekara sai na ƙara tura kujera baya kaɗan don tumbin ya samu wurin zama. Yanzu kujerar ta kai ƙarshe, ba ta ƙara matsawa. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, aji uku na yi a Damagaram na gudu, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, haka mai shi yake.

Maganar autata zan yi. 'Ya'yanmu uku, biyu sun yi aure sun bar gida, ita kaɗai ta rage mana ni da Hajiya. A nan aka haife ta. Hausa tana ji sarai, amma da Turanci take mayar maka da amsa. Sai in abu ya yi tsanani ne Hausar ke fitowa, a karye, kamar ta yaro.

Tana shekarar farko a jami'a ta kamu da hawan dutse. Ranar da ta faɗa mini na yi dariya har da tari. Mu da muka tashi a gindin duwatsun Damagaram, muna bin awaki ba takalmi, ba wanda ya taɓa ba mu lambar yabo. Nata dutsen kuwa wani ƙaton sito ne can wajen Gaithersburg, an gina bango a ciki mai tsawon bene uku, an lilliƙa masa 'yan dunƙule masu launi-launi. Mutum ya ɗaura igiya, ya hau, ya taɓa sama, a sauko da shi. Ba akuya a can saman, ba komai.

Amma ta iya. Har gasa ta fara shiga. Ni nake kai ta duk Asabar, wani lokaci da ƙawayenta biyu a bayan mota, kuma da ɗan Turancina na direba na gane hirarsu ba ta wuce abu ɗaya: nauyi. Wai duk abin da ke jikin mutum yatsunsa ne ke ɗauka, in ya rage kitse sai ya ƙara sama. Wance ta rage, wance ta fi kowa sauƙi a bango. Auta ta sayo wani sikeli mai wayo, wai in ka taka shi ba takalmi zai gaya maka yawan kitsen jikinka. Sau ɗaya na taka shi a ɓoye, ya yi ta ƙifta wuta kamar zai kira 'yan sanda, na sauka da sauri.

Hajiya kuwa a wurinta yarinya siririya abin kunya ne ga gida. In 'yan uwa suka kira ta bidiyo daga gida suka ga Auta, sai su ce, "Ku ba kwa ba ta abinci ne a Amurkar?" Sai Hajiya ta ƙara cika faranti. Auta ta ture, Hajiya ta turo, a yi ta yi, ni ina tsakiya ina kallon miyata.

Wata rana aka yi dambun zogale. Hajiya ta zuba wa kowa, ta shiga ɗaki salla. Auta ta dubi ƙofar ɗakin, ta dube ni, ta turo farantinta gabana a hankali.

"Baba, taimake ni."

Da Hausa ta faɗa. Ni kuma in dai dambu ne ba na iya cewa a'a. Kafin Hajiya ta sallame farantin ya koma gaban Auta fes, har da ɗan maiƙo da ta shafa a leɓe. Hajiya ta fito ta gani ta ce, "Yauwa! Ko ke fa." Ranar an yi hira a gidan har da dariya.

A gidanmu na Damagaram uba ne ke rage wa yara. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ko yunwa yake ji sai ya bar loma biyu da ɗan nama a gefen akushi, mu yi ta kokawa a kai. Ni ma haka na yi wa nawa. Auta tana ƙarama ba ta cin nata sai ta tsaya a gwiwata tana jiran ragowar Baba, wai ta fi daɗi. To ga shi na tsufa na juya al'adar kakannina a birkice: uba na zaune yana jiran ragowar 'ya. Ragowar ma ba loma biyu ba, faranti guda.

Wata bakwai muna haka. Na san ba daidai ba ne, kada wani ya ce ban sani ba. Amma duk inda na juya bango ne. In na ƙi ci, rigima ta dawo sabuwa. In na gaya wa Hajiya, sai na fara da bayanin inda tuwon wata bakwai ya shiga. Ga likita ya ce sukarina ya hau, Hajiya ta rage mini abinci, tumbi kuma sai gaba yake yi. Har motata ta bincika tana neman takardun abincin hanya.

"Malam, tsakaninka da Allah, me kake ci a waje?"

"Wallahi ba na cin komai a waje."

Ban yi rantsuwar ƙarya ba. A cikin gida nake ci, a gabanta ma, in ta juya baya.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da yarinyar nan ta girma ba mu da wata hira ni da ita. Karatunta ya fi ƙarfina, Turancinta ya fi ni gudu. Wannan farantin shi kaɗai ne abin da ya haɗa mu. In ta turo sai ta ɗan kashe mini ido, ni kuma in ji kamar har yanzu ina da amfani.

Sai ta fara sa rigar sanyi a tsakiyar zafi. Agogon hannunta ya koma yawo har gwiwar hannu. Wata safiya Hajiya ta tsare ni ina ɗaura takalmi.

"Malam, yarinyar nan wata huɗu ke nan ban ga ta yi fashin salla ba. Ga gashi cike da matajinta. Kuma tana ci fa, ni nake wanke farantin. Ko sammu aka yi mata?"

Na sunkuya na ci gaba da ɗaurin takalmin da na riga na ɗaure. Sammun yana tsaye a gabanta da hula.

Asabar ɗin da ta biyo mu biyu ne a mota. Na yi niyyar yi mata magana, bakina ya ƙi. Maimakon haka sai na kama cika baki, ina ba ta labarin yadda nake haye duwatsun garinmu kamar ƙadangare.

Ta yi dariya ta ce in haka ne yau in gwada, ita za ta riƙe mini igiya.

Na ce, "Ni? Bangon roba? Ki dai shirya jin kunya a gaban ƙawayenki."

Ka'idar wurin ita ce mutum biyu ke hawa: ɗaya a bango, ɗaya a ƙasa. Igiya ta tashi daga ƙugun mai hawa, ta zagaya wani ƙarfe can sama, ta sauko zuwa ƙugun na ƙasa, kamar igiyar rijiya mai kura. In na sama ya zame, nauyin na ƙasa ne ke tare shi. Shi ya sa in mai hawa ya fi nauyi sosai, sai a ɗaura wa na ƙasa buhun yashi. Ga buhunan nan a jere jikin bango.

Da ƙyar aka samu ɗamarar da ta zagaye ni. Auta tana gyara mini ƙulli ta tambaye ni nauyina nawa. Na zaro lasin tuƙi na nuna mata abin da ke rubuce. Nauyin nan tun zuwana ƙasar na faɗa musu shi, kuma duk sabuntawa in aka tambaya ko akwai canji sai in ce babu. Ta duba, ta dubi tumbin, ta yi ɗan lissafi a ranta, ta ce ba sai an sa buhu ba. Daga baya na gane ita ma da tsohon nauyinta ta yi lissafin, don kar ma'aikatan wurin su ga ta ɗauki buhu su fara tambaya. Ni na rage, ita ta ƙara, igiya kuwa ba ruwanta.

Na shafa farin gari a hannu na kama hawa. Ba laifi, ƙadangaren bai mutu duka ba. Na wuce rabi. Matsalar ita ce tumbi ya shiga tsakanina da bango, ba na ganin inda ƙafata take. Na laluba, na taka iska, hannu ya saki.

Na ji ina saukowa, ba da gudu ba, kamar guga cike da ruwa. Sai na ga Auta tana tahowa sama kamar guga marar komai. Muka haɗu a tsakiya, kafaɗata ta bugi tata, igiya ta cije, muka tsaya cak. Ni ban kai ƙasa ba, ita ba ta da inda za ta taka. Ɗamara ta matse mini cinyoyi, hulata ta faɗi ƙasa tana birgima, Turawa sun ɗaga kai suna kallo.

Na buɗe baki zan yi wasa, don abin da na iya ke nan. Sai na dube ta. Na daɗe ban ga fuskarta kusa haka ba. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ƙashin wuyanta ya fito har ana iya zuba ruwa a ramin. Hannunta biyu na kan igiyar, jijiyoyi duk a waje, amma ba ta saki ba.

"Baba, kar ka motsa," ta ce da Hausa. "Jiri nake ji."

"Me kika ci yau?"

Ta kau da kai.

"Jiya fa?"

"Kai ka ci."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Amsa ce kawai ta ba ni. Muna ta juyawa a hankali, in ga bango, in ga fuskarta, in ga bango. Na dubi tumbina da ɗamara ta raba biyu, na san abin da ke ciki: dambunta, tuwonta, naman miyarta, duk ga su nan a rataye kusa da ita, kuma su ne suka ɗaga ta daga ƙasa.

"Kar ka gaya wa Mama," ta ce.

Wasu ma'aikata biyu suka rugo, suka kama ta ta ɗamara suka jawo ta ƙasa, sannan aka sauko da ni. Duk abin bai fi minti biyu ba. Aka ba ta ruwa mai zaƙi, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Wani ya miƙo mini hulata yana ta ba ni haƙuri, ni da ya kamata in ba kowa.

Mun iso gida Hajiya ta gama tuwon shinkafa da miyar taushe. Ta zuba, ta shiga sallar la'asar. Faranti ya taho gabana a hankali kamar kullum. Na dube shi. Na sa hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu, don na san halinsu.

"Baba."

Ban ɗaga kai ba.

"Baba, don Allah. Za ta fito."

Muka ji sallama daga ɗaki. Hajiya ta fito tana naɗe darduma, ta ga faranti biyu a gabana, gaban Auta ba komai. Ta tsaya.

Na ce, "Hajiya, zauna. Ba sammu ba ne. Ni ne."

Ba zan rubuta abin da Hajiya ta faɗa mini ba, don aji ukuna bai kai ga wasu kalmomin ba. Abin da ya fi zafi shi ne na ƙarshe, da ta daina ɗaga murya: "Ni ina wanke faranti ina gode wa Allah." Auta kuwa ta tashi ta shige ɗaki ta rufe.

Likita ya hana ta hawa sai jikinta ya dawo. Aka haɗa ta da wata mai ba da shawara kan abinci da wata da take zama su yi magana. Ni nake kai ta duk Laraba. Ta daina zama a gaba, sai bayan mota, kamar fasinja, kunne a toshe da waya. In na leƙa madubi sai ta kau da kai. Gasar da ta yi shekara tana shiri ta wuce ba ita, kuma ta san wanda ya jawo. An hana Hajiya cika faranti, an hana ni taɓa na kowa. Mu uku muke zama a tebur, ba mai tashi salla sai an gama, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Wani lokaci ta ci rabi, wani lokaci ta yi ta juya abincin har ya huce. Sikelin nan Hajiya ta kai shi but ɗin motata, har yau yana can ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana.

Ni dai abu ɗaya na koma yi, tun da magana ba ta yi mini. Kowane cin abinci sai in bar loma biyu da ɗan nama a gefen farantina, in ɗan tura shi tsakiyar tebur. Mako biyar Hajiya na kwashewa.

Ran Juma'ar da ta wuce aka sake yin dambu. Na bar nawa, na tura. Auta ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta miƙo hannu, ba cokali, ta ɗauki naman kaɗai ta sa a baki. Ta tauna a hankali, ba ta dube ni ba.

"Ka cika sa yaji," ta ce da Turanci.

Dambun ta bar shi. Na kai hannu bisa sabo, Hajiya ta buge mini shi da ludayi.