Faretin da ya cinye akuyar Inna

Shekarun baya, satar awaki ta addabi unguwarmu a Gumel. Kusan duk mako sai ka ji wata mata tana salati a bakin turke. Dattawa suka ce a kafa 'yan sintiri, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ni aka ba ma'aji, don kawai ina aiki a sakatariya kuma ina sa tabarau. Wani abokina ya zama kwamanda, wai ya taɓa zuwa neman aikin soja, tsayinsa ne bai kai ba.

Mahaifiyata tana da wata jar akuya mai ciki, tana ji da ita fiye da yadda take ji da ni. Zakarunta ta sayar ta ba ni kuɗin, ta ce, "Ni dai a tsare min akuyata, shi ke nan."

Muka zauna gindin dalbejiya tsara kasafi. Na ce mu sayi fitilu da batir, mu ware na shayin masu sintiri. Abokina ya dube ni sheƙeƙe. "Haba malam! Ka taɓa ganin ƙasar da ta fara tsaro da shayi? Kwarjini ake nema. Ɓarawo na ganin kaki zai tuba da kansa." Wallahi maganar ta shige ni. Muka ɗinka kaki, muka sayi manyan takalma da usur. Abin da ya rage ya tafi hayar rumfa da kujeru da makaɗi, don kwamanda ya ce rundunar da ba ta yi fareti ba ba runduna ba ce.

Aka yi shela unguwa-unguwa: ranar Laraba da la'asar, kowa da kowa ya fito fili. Kuma aka fito, har tsofaffin da ba sa zuwa biki. Kwamanda yana ta "Hagu! Dama!", mata na guɗa, Inna a sahun gaba da sabon mayafi. Ni kam har ƙwalla na yi don daɗi.

Muna komawa gida muka tarar da igiya kawai a turke. Ba mu kaɗai ba, gidaje da dama. Ashe ɓarayin ma sun ji shelar, ga shi washegari kasuwar Maigatari ke ci.

Inna ba ta yi faɗa ba, ta ƙi cin tuwo kawai. Wannan ya fi min zagi ciwo.

Alhamis muka dira Maigatari cikin kaki, muka wuni muna leƙa fuskokin awaki. Babu ita. Sai wani ɗan kasuwa daga Nijar ya ƙyalla ido kan takalmanmu, ya ce, "Na sayarwa ne?" Kwamanda ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa. Da kuɗin muka sayi wata 'yar ramammiyar akuya, muka dawo da silifa.

Inna ta zagaya akuyar, ta ce wa abokina, "Sannu kwamanda. Wannan ce kuka ƙwato a yaƙin?"

Yanzu abin dariya yake ba mu, akuyar ma ta hayayyafa. Amma har gobe, in rediyo ya ce an ware maƙudan kuɗi don tsaro, Inna sai ta ɗago daga tsintar wake ta ce, "Madalla. Kai, tambayo min su, ranar faretin wa za a bari a gida?"