Barcin Azahar na Matar Ɗana

Rijiyar garinmu, can gefen Gangara, da rani ta makiyaya ce tun hantsi har faɗuwar rana. Sai sun shayar da raƙuma, ruwa ya sake taruwa, kana mata su samu. Shekarar da ɗana ya tafi cin rani Agadas, matarsa ke zuwa ɗebo ruwa da dare. Ta dawo gab da asuba, ta hau daka, ga goyo.

Mu nan, matar ɗa ba ta miƙe ƙafa da rana surukarta na zaune. Kunya ce. Ni ma haka na yi a zamanina, har ina yabonta wajen maƙwabta.

Sannu a hankali yarinya ta daina dariya. Kitso ya tsufa a kanta. Ta dama fura, ta zauna tana kallon ƙwaryar. Ran da ta samu hutun rijiya ma, sai ta ce idonta ya ƙi rufuwa. Wata rana na ji ta ce wa jaririn: «Da ba ni a duniya, da kun huta.» Wannan maganar ce ta tsinka mini zuciya.

Aka ce iska ce, aka yi turare. Ni dai na kai ta asibitin Tanut. Majo, babban malamin jinyar, ya tambaye ta yaushe rabonta da barci mai nauyi. Ta kasa tunawa. Ya ce rashin barci da baƙin cikin nan, kowane na jan ɗan'uwansa. Ya ce mu dawo bayan sati biyu, amma ta fara kwanciya da rana.

A gida na ce: «Ɗiyata, kwanta.»

«Inna, a gabanki?»

Na gane ba magana ce za ta kwantar da ita ba. Sai na raba mana ranakun rijiya, kuma kullum bayan azahar in goya jikana, in tafi ɓarar gyaɗa gidan ƙawata.

Ƙawar ta ce: «Ke kuma, matar ɗa ta kore ki daga gidanki?»

«Ni na kori kaina. Miƙo tiren.»

Ba a sati ɗaya ta warware ba. Mun koma wajen majo sau da dama. Wajen faɗuwar damina na dawo da la'asar, na iske ta tana miƙa a bakin ɗaki, shatin tabarma a kumatunta.

«Inna, yau kin yi saurin dawowa.»

«To, gobe sai magariba.»